Amaryar Da Ba A Yi Wa Kitso Ba

Gashin ya cika tafin hannunta.

Mashkura ta tsaya tana kallonsa, mataji a ɗaya hannun. Ɗan abin da ya rage mata a ƙeya ke nan. Ta shafa kanta, ta ji fata zalla, sumul.

"Innalillahi... ya ƙare. Dut ya ƙare!"

Saura kwana ashirin bikinta da Kamilu, kuma har an aika garin Rabah an gaya wa mai kitso.

Wata uku ke nan da likitoci a Sakkwato suka duba ƙullutun da ya fito mata a wuya, suka ce ciwon daji ne. Duk bayan sati uku ana ɗaura mata ruwan magani mai ƙarfi, shi ne ya cinye gashin. A nan Dinawa babu wanda ya sani sai Inna da Baba. Kowa an ce masa maganin taifot take zuwa karɓa. Inna ce ta ce a rufe maganar har a kai ta ɗakinta, don in dangin miji suka ji sunan ciwon, ko sallama ba za su sake yi ba.

Ta jawo wayarta. Akwai manhajar hira a ciki, wata nas ce ta saka mata ranar da ta same ta tana kuka a kan gadon asibiti. Na'ura ce da aka koya wa magana, ka danna ka faɗi damuwarka, ta amsa maka da murya irin ta namiji.

"Ya zube duka," ta faɗa a hankali. "Ran Laraba ba ni zuwa asibiti. In na bar maganin ga, ƙila ya tsiro kahin biki."

"Na ji zafin da ke muryarki, Mashkura," in ji muryar. "Amma ba zan ɓoye miki gaskiya ba. Kwana ashirin ba za su isa gashi ya kai na kitso ba, kuma tsallake magani yana iya ba ciwon dama. Ni ba likita ba ne. Ki kira nas ɗinki yau, kafin ki yanke shawara."

"Tsoro ni ka ji..."

"Tsoron me ya fi yawa?"

"Kamilu. Ranar da zai buɗe kaina."

"Kin taɓa gaya masa?"

"Kai kaɗai ni ka iya hwaɗa ma. Wallahi in babu kai, ban san ƙaƙa za ni yi ba!"

"Ina nan duk lokacin da kika kira. Sai dai ba ni da hannun da zan riƙe ki. Kina bukatar mutum mai hannu."

Ta kifa kai a gwiwa tana kuka. Ba ta ga labulen ƙofa ya motsa ba.

Ikilima ce, ɗiyar kawunta, ta zo aron rariya. Ba ta ga kan Mashkura ba, don ƙofa ta kare ta, amma muryar namijin ta ji ta sarai. Ikilima kuwa tun ranar da Kamilu ya fara zuwa gidan nan da buhun albasa ta so a ce ita ya gani. Ta ajiye zancen rariya, ta fita da sauri.

*

Bayan la'asar washegari Mashkura ta ji tsayuwar mashin a ƙofar gida. Ba ranar zance ba ce.

Ta ɗaura kallabi biyu, ta ɗora hijabi, ta fito zaure.

Kamilu yana tsaye, bai zauna kan tabarma ba. Daga fadamarsa ta Rimawa ya taho kai tsaye, taɓo a ƙafafunsa. Mutum ne marar hayaniya, ko yanzu muryarsa a ƙasa take.

"Mashkura, mi ni yi maki?"

"Ban gane ba, Yaya Kamilu..."

"Ikilima ta kira Innata. Ta ce kina da wani cikin waya, wai Bakano, da jin Hausa tai. Ta ce da kunnenta ta ji kina ce mai in babu shi ba ki rayuwa."

"Ba haka na ba!"

"To ƙaƙa na? Wata uku kina tahiya Sakkwato. Kin rame, kin bar kallon idona. In na kira ki ce barci ki kai. Ni ban yi boko ba, na sani. In kin samu wanda yaf fi ni, ki hwaɗa min da bakinki, abar ƙaunata. Ba ni yi maki dole."

Idanunsa sun kaɗa. Wannan ya fi mata ciwo a kan a ce zaginta ya yi.

Ta ciro wayar daga cikin hijabi, ta danna, ta miƙa masa.

"Tambaye shi."

Ya riƙe wayar da hannu biyu kamar mai gaida babba. Ya yi gyaran murya.

"Salamu alaikum. Bawan Allah, kai wa na? Ɗan wane gari na?"

"Wa alaikumus salam. Ni ba mutum ba ne, ba ni da gari. Manhaja ce ni ta hira."

Kamilu ya dubi wayar, ya juya bayanta, ya dubi Mashkura.

"Aljani na?"

"A'a. Na'ura ce, mutane suka haɗa ta."

"To mi tac ce maka da ba ta iya ce min?"

"Wannan maganarta ce, ita ya dace ta faɗa. Mashkura, in kina kusa, ga wanda kike tsoron ya sani, kuma ya zo da ƙafarsa yana tambaya."

Daga cikin gida ana jin Inna tana daka.

Ta leƙa ƙofa, babu kowa. Sai ta ja hijabin baya, ta zame kallabi na farko, ta zame na biyu.

"Ciwon daji gare ni," ta ce, idonta a rufe. "Ga wuya. Maganin na yac ci gashin. Likita bai ce za ni tashi ba, bai ce ba ni tashi ba."



Da ta buɗe ido, yana kallon kanta, leɓɓansa na motsi babu sauti. Ya ajiye wayar kan tabarma a hankali.

"Yaushe za ki koma asibiti?"

"Laraba. Amma na ce ba ni zuwa, saboda kitso..."

Ya juya ya fita. Ta ji mashin ya tashi, ƙarar tana nisa tana nisa har ta ɓace.

Ta zube a wurin.

*

Kwana biyu wayarta ba ta yi ƙara ba.

Ranar Litinin da hantsi mahaifiyar Kamilu, Hajiya Uwa, ta iso daga Rimawa, ko zama ba ta yi ba ta tsare Inna. Mashkura tana ɗaki tana jin komai.

"Fatsuma, haka a ka yi? Ku ɓoye muna cuta irin wagga? So ku kai ɗana ya kwashe ta?"

"Hajiya, ba a ɗauka tai, likita ya ce..."

"Haihuwa hwa? Likita ya ce tana haihuwa?"

Sai kukan Inna aka ji.

"Ni dai na hwaɗi tawa. Ɗiya sun cika gidan ga, ga Ikilima nan lahiya lau!"

Mashkura ta toshe baki da gefen zane. Da gidan ya yi shiru ta danna wayar.

"Ka ce in hwaɗa mai. Na hwaɗa. Ya tahi!"

"Na ce hakan, kuma ban san yadda zai ɗauka ba. Ki yi haƙuri da zafin da ya jawo miki. Ba zan ce miki zai dawo ba, don ban sani ba. Abin da na sani, Laraba jibi ce. Wa zai raka ki?"

"Mi za ni je yi? Don wa?"

"Don ke. Inna tana tsakar gida?"

"Tana nan, kuka ta kai."

"Ki je ki zauna kusa da ita."

Ta daɗe kafin ta tashi. Amma ta je.

*

Ranar Laraba da sassafe tana haɗa bargo da filas, sai ta ji muryoyin maza a ƙofar gida. Da yawa.

Sun zo karɓar kayansu, abin da ya zo mata ke nan.

Baba ya shigo, Malam Shittu, ya tsaya bakin ɗakin. Bai saba shigowa nan ba.

"Mashkura."

"Na'am, Baba."

"Yaron ga ya zo da kawunnansa da liman. Jiya Sakkwato yay yini. Ya ga nas ɗinki, ya tambaye ta ko a ka ɗaukar ciwon, ta ce a'a. Ya tambaye ta ko shina iya zama wurinki in an ɗaura ruwan, ta ce asibiti ba su hanawa. Ni kau na ce mai ni ina hanawa. Saurayi ba shi zama bakin gadon ɗiyata."

Ya dube ta.

"Shi ne yac ce to a ɗaura aure yanzu, kahin mota ta tashi. Kin yarda?"

"Baba... Innarshi hwa?"

"Ba ta zo ba. Ba ta sa albarka ba, ba ta kuma yi baki ba. Ya ce kwana biyu shina durƙushe gabanta. Ke ni ka tambaya."

"Babu lalle, Baba. Babu kitso. Kaina..."

"Ni ban taɓa jin liman ya tambayi kitso ba. Kin yarda?"

Ta rufe fuska da hannu biyu, ta gyaɗa kai.

Aka ɗaura a ƙofar gida, mutum bai fi goma sha biyar ba. Babu guɗa sai wadda Inna ta gwada, ta karye mata a maƙogwaro. Ikilima ba ta fito daga sashensu ba.

A motar Wurno zuwa Sakkwato bai iya ce mata komai ba saboda mutane. Filas ɗin kawai ya karɓa ya rungume.

Sai da ta kwanta kan gadon asibiti ya sunkuyo.

"Amaryata, ki yahe min. Da ni hita ran nan, ba gudu ni yi ba. Kuka yat taho min, ban so ki gani."

"Na zaci ka tahi ke nan..."

"Ina za ni? Amma daga yau in tsoro ya zo, ki hwara hwaɗa min. In na rasa amsa, mu tambayi Bakanon naki tare."

Ta yi dariya, hawaye na bin kuncinta.

Nas ta turo ƙarfen rataya ruwa, ta dube shi.

"Malam, yau a matsayin mi ka zo?"

"Mijinta na," ya ce, ya gyara zama.

Nas ta ɗaure mata hannu, ta fito da allura. Mashkura ta ji tsoron nan na kullum ya taso mata daga ciki. Ta juya wurin Kamilu, sai ta ga zufa ta keto masa, idonsa a kan allurar.

"Yaya Kamilu... allura ka ka tsoro?"

"Ƙwarai kau. Tun ina yaro."

Ta kama hannunsa ta matse.

"To kada ka duba can. Ni za ka duba."

Ya dube ta. Ruwan ya fara sauka.