Ranar Da Baba Zadi Ya Zo Na Ɗaya

"Kwanta, tsoho, ba kai muka zo nema ba," in ji Digbe, bindiga a ƙeyar maigadin ofishin magajin gari. Abokinsa Seri ya fasa gilashi — tas! — ya rungumo kofin tseren motoci.

Kofin nan ya girmi iyayensu. Wani Bature mai fataucin katako ya kawo shi garinmu, yammacin Kodebuwa, tun kafin 'yancin kai. Azurfa ce zalla. Duk wanda ya ci tsere, akan zana sunansa a gindin kofin, ya sha bammi a ciki gaban jama'a. Waɗannan 'yan banza kuwa narkar da shi za su yi.

Sun zaɓi ranar tsere, don jandarmomi duk suna bakin hanya. Nan sun yi wayo. Sai dai direban da suka ɗauka Baba Zadi ne. Wa ke ba kura ajiyar nama? Sau uku Zadi yana zuwa na biyu a zamaninsa, leɓensa bai taɓa kofin nan ba.

Suka faɗa tsohuwar Fijo.

Digbe ya ce, "Kawu, ba ta wuta! Ka tsallaka hanyar tsere, mu sha hagu mu shige gandun koko."

Suna hawa hanyar, motar da ke kan gaba a tseren ta wuce — fuu! — ta watsa musu jar ƙasa.

Zadi ya goge fuska. "Ɗan wa ye wannan?"

"Ina ruwanka? Hagu, Kawu."

"Dubi yadda yake shan kwana. Kamar mai tallan ƙwai."

Ya murɗa dama, ya bi bayan motar. Fijo ta yi kuka. Mata masu suyar ayaba suka miƙe suna guɗa: "Zadi ne! Zadi ya dawo!"

Digbe ya ɗora masa bindiga a kunne. "Tsaya ko in fasa kanka."

"Harba mana, ɗana. Wa zai riƙe muku sitiyari?"

Seri ya ƙanƙame kofi yana kiran uwarsa. A kwanar gada Zadi ya shige ta ciki — ƙiris ya rage su sha ruwa — ya bar yaron da ke tuƙa motar gaba a ƙura, tsohon yana dariya har da hawaye.

Tutar ƙarshen tsere ta sauka, Fijo ce a gaba. Bayan tutar, kwamandan jandarma da dukan mutanensa.

Zadi ya fito, ya zare kofin daga hannun Seri. "Ranka ya daɗe, ga shi na kawo. A zuba mini bammi."

Kwamanda ya dube shi ya daɗe. "Ku zuba masa. Sannan ankwa."

Hali zanen dutse. Digbe da Seri sun yi furfura a kurkuku, Zadi can ya mutu. Sunansa ba ya gindin kofin. Na yaron nan aka zana, yadda doka ta ce. Yaron yanzu har da jikoki, amma a garinmu ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Na-Biyu muke ce masa.