Sikelin Baba Bai Yarda da Rabuwa Ba

A shagon babanta maƙerin zinare suka fara haɗuwa, ranar da malamin kimiyya ya zo gyaran zoben ƙanwarsa. Ta miƙo masa ruwa, ya karɓa idonsa na kanta har ya jiƙe rigarsa. Tun daga ranar yake kiranta Raɓa, ita kuma Malam kawai take ce masa, sai dai da wata irin murya.

Matsalar ita ce Baba. Tun rasuwar mahaifiyarta ita kaɗai ta rage masa, Malam kuwa an mayar da shi aiki wani gari mai nisa.

"Duk abin da aka raba ya ragu," in ji Baba. "Shekara talatin ina awo."

Malam, da bakinsa ke rigan hankalinsa, ya ce, "Baba, ko ruwa aka raba gida biyu ba ya raguwa. In sikelinka ya nuna ragi, na haƙura da ita."

Da safen ranar gwajin ta tura masa saƙo: "Malam, tsoro nake ji. Ba kai ka ce haidirojin da ke fita daga ruwa ta fi kowace iska sulalewa ba? In murfin kwalbarka ya yi yoyo fa?"

"Raɓata, sau uku na liƙe shi. Ni ma na kasa karya kumallo."

Ya iso da kwalba mai kauri, da ruwa da wayoyi biyu a ciki, da ƙaramin batir. Ya roƙi Baba ya kashe wutar narka zinare, don iskar ba ta wasa da wuta. Aka ɗora komai a kan sikeli, Baba ya rubuta nauyin da hannunsa.

Malam ya haɗa waya. Kumfa ta fara tashi, ruwan na rabuwa zuwa iska biyu, oksijin a gefe ɗaya, haidirojin a ɗayan. Raɓa ta damƙe bakin teburi. Lambar ba ta motsa ba. Baba ya sunkuya, ya ƙura ido, ya daɗe a haka.

Sai lamba ta ƙarshe ta canza.

"Innalillahi!" in ji Raɓa. Malam ya yi tsuru-tsuru, gumi na keto masa.

"Wallahi Baba na liƙe..."

"Yi shiru, sarkin surutu. Duba da kyau. Sama ta yi, ba ƙasa ba."

Suka duba. A gefen farantin sikelin ga ɗigo ɗaya, kuma ba daga kwalbar ya fito ba. Baba ya goge idonsa da hannun riga.

"Ruwanka bai ragu ba, nawa ne ya shiga awo." Ya juya wajen 'yarsa. "Uwata, ashe tsorona kawai nake aunawa. Je ki, Allah ya yi muku albarka."

Ranar ɗaurin aure Baba ya ba ta zoben da ya ƙera, irinsa ɗaya na yatsansa. Daga dunƙulen azurfa guda ya raba su, ya kuma auna kafin da bayan rabawar.

"Daidai suke," ya ce. "Ko ƙwaya ba ta ɓata ba."