Injin Tace Iskar Suwaiba

Da aka sauko daga masallacin Juma'a, Inuwa makanike ya shiga ɗakin matarsa ya tarar da kan tebur wayam. Injin tace iska ya yi ƙafa. Matar tasa, Suwaiba, na zaune a bakin gado ta dafe gwiwoyi, numfashi na fita da ƙyar, kana jin kukan ƙirjinta tun daga tsakar gida. Ko babbar riga bai tuɓe ba ya haye keke, sai ofishin 'yan sanda na Tiga.

Sajan Garzali ya tarar a bakin aiki. Tun da ruwan dam ya cinye garuruwa aka kwaso mutane aka zube su nan, Sajan ba ya da aiki sai rabon faɗan iyakar gona da cigiyar akuya. Da ya ji abin da aka sace sai ya ajiye biro ya ƙare wa Inuwa kallo. Shi dai ya san ana tace koko, bai taɓa jin ana tace iska ba.

Inuwa ya yi masa bayani yana haki. Suwaiba na da fuka tun tana yarinya, amma ciwon ya kwanta, sai da aka ba su fili a bakin hanyar da tifofi ke bi da jar ƙasa zuwa aikin magudanan ruwa. Ga shi tana da juna biyu. Likita a Kano ya ce a raba ta da ƙura da hayaƙi, har turaren wuta. Da yake Inuwa ne ke kula da injin wutar kamfanin da ke aikin, an ja masa waya har gida. Yini guda ya yi yana zaga kantunan Kano. An so a liƙa masa fanka, ya ce fanka ai tayar da ƙura take yi. A ƙarshe ya zaɓi wani akwati mai zuƙar iskar ɗaki, ya bi da ita ta cikin auduga mai kauri, ya fito da ita fes. Tun da ya kawo shi Suwaiba take iya kwanciya.

"In ba a same shi ba fa?" in ji Sajan.

"Likita ya ce wani tashin zai iya tafiya da cikin, Yallaɓai. Ko ya tafi da ita."

Sajan ya ɗauki hularsa.

Sai da aka fito da Suwaiba rumfa ta lulluɓe, sannan ya shiga ɗakin. Rediyo na nan. Agogon Inuwa na rataye a ƙusa. Wayar injin ma na nan maƙale a bango, an zare ta ne daga bayan akwatin aka bar ta tana reto. Suwaiba ta ce ita barci take, ba ta ga kowa ba. Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Inna, ta zo jinya daga Ba'awa, ta ce ita kuma tana can ƙuryar gida tana wanki. Inuwa ya ce babu wuta a lokacin, domin shi da kansa yake kashe injin kamfani duk Juma'a kafin ya tafi masallaci. Ya kuma rantse aikin Lado ne.

Lado mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwa, irin mutanen nan da in suka ga abu mai waya sai hannunsu ya kama ƙaiƙayi. Da Sajan ya tsare shi, bai musa ba cewa ya sha roƙon Inuwa ya bar shi ya buɗe akwatin ya ga cikinsa.

"Ina kake lokacin salla?"

"Sahun gaba, Yallaɓai. Ladan Sale ne a damana, a tambaye shi."

"Ka iya aiko wani."

"Aka ce an bar wayar? To wallahi ka cire ni. Bakinta uku, ko a Sabon Gari ba ka samun irinta. Wanda ya bar ta bai san abin da ya ɗauka ba."

Ladan ya shaide shi. Sajan ya sake shi ba don ya so ba.

Saura Ɗayyabu direban tifa, wanda suka taɓa cin kwalar juna da Inuwa saboda gudun da yake shararawa ta ƙofar gidan. Sajan ya sha rana kafin ya same shi a wurin lodi. Ashe tun hantsi yana Tudun Wada, taya ta fashe masa, ga masu faci da suka gan shi. Matan maƙwabta da ke ɓarar gyaɗa a zauren da ke kallon gidan Inuwa su ma tun ɗazu sun ce masa ba namijin da ya shiga, ba kuma wanda ya fito da kaya. Haushi ya ishi Sajan. La'asar ta yi, mace na can tana kokawa da numfashi, shi kuwa ya ƙare da yawon banza a kan keke.

Har ya juya zai tafi, Ɗayyabu ya shaƙi hanci ya yi dariya, ya tambaye shi ko lafiya, wa ya yi masa hayaƙi. Sajan ya sunsuna hannun kakinsa. Ƙaurin sassaƙe ne da ganye, mai ɗaci, irin wanda tsofaffi ke turara wa marar lafiya. Ɗaki ɗaya ya shiga duk yinin nan, kuma ɗakin da likita ya hana kunna ko turare ne.

Nan take ya koma gidan Inuwa. Wannan karon ya duba taga, ya ga an cusa tsumma a duk wata kafa. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gado, ya jawo kasko. Tokar da sauran ɗuminta. Ya fito tsakar gida ya tsaya. Tun da ba a fita da kaya ba, kayan na ciki. Tsani na jingine jikin rumbu, murfin rumbun a karkace, ga kuma ƙaiƙayin dawa a gefen zanen Inna, wadda ta ce wanki take yi.

Ya hau tsanin. Akwatin na kwance tsakanin dammunan dawa, an naɗe shi da tsohon zane, da alama wanda ya ɓoye shi bai so ya lalace ba.

Inuwa na ganin inda maganar ta nufa ya sunkuyar da kai ya fice zaure, don ba ya iya tsayawa a gaban surukarsa a kan irin wannan. Sajan ya ajiye akwatin, ya tsuguna nesa kaɗan, ya sake gaida tsohuwar kamar bai gaishe ta ɗazu ba. Sannan ya jera mata abin da ya gani. Ɓarawo ba ya barin rediyo da agogo. Wanda ya san inji ba ya barin waya. Wanda ya jira aka kashe wuta kafin ya taɓa shi, tsoron wutar yake ji, kuma ɗan gida ne da ya san ranar da ake kashewa. Wadda aka lulluɓe a kan kasko kuwa ba barci take ba, rufa wa uwarta asiri take.

"Ni na ɗauke," in ji Inna, ko gezau. "Abin nan shanye min magani yake. In mijinta ya fita aiki na kunna hayaƙi, kafin ya kai hancinta ya zuƙe shi tas. Yau kaɗai magani ya shige ta."

"Yau kuma ciwon ya tashi, Inna."

"Ai fita yake yi. Mutanen ɓoyen da ruwa ya cinye musu tsamiya ne suka biyo mu. 'Ya'yana nawa na binne da tarin nan kafin ita? Da wannan hayaƙin na raya ta, ɗan nan, ba da akwati ba."

Sajan ya kama ɓarayin shanu a dajin Falgore bai ji gajiyar da ya ji a gaban tsohuwar nan ba. Wace doka zai karanta mata? Ya leƙa zaure, Inuwa ya ce shi ya janye ƙara, a rufa masa asiri. Sajan ya tambaye shi ko zai iya hana ta hayaƙin. Inuwa ya ce da wane baki.

To, an gano ɓarawo, an samo kaya, amma Sajan ya san bai gama komai ba. Gobe Inuwa zai tafi aiki, kasko na nan, sassaƙe na nan ƙulle a bakin zane. Ya sa aka mayar da akwatin ɗaki aka haɗa waya, da yake an riga an tayar da injin kamfani sai ya fara ƙugi. Sannan ya tsaya daga bakin rumfa, ya kawar da kai, ya gaya wa Suwaiba gaskiya: shi ba ya da ikon hana uwa jinyar 'yarta, mijinta ma ba ya da shi. Mutum ɗaya ne a gidan nan zai iya.

Kukan ƙirjin Suwaiba kawai ake ji. Can ta ɗora hannu a kan cikinta, ta tattaro abin da ya rage mata na numfashi.

"Inna, ki yafe min. Ki fitar da kaskon nan."

Tsohuwar ta dube ta kamar ba ita ta haife ta ba. Sajan ya zaci za ta yi faɗa, ya ma fi son ta yi. Ba ta yi ba. Ta miƙe a hankali, ta ɗauki kaskon da hannu biyu, ta wuce ta gaban surukinta a zaure, ta juye tokar a bakin hanya. Da ta dawo ba ta bi ta rumfa ba. Ta shiga ɗakin, ta hau zare tsummokaran taga ɗaya bayan ɗaya, tana share hawaye da bayan hannu.