Kek a Gwangwanin Madara

Ranar da Shu'ibu ya fara ganin Barira, tana tsaye a kan gadar Haɗejiya tana kallon ruwa kamar mai jiran wani ya fito daga ciki. Shi kuwa ya taso daga gidan burodin da yake aiki, akwatin katako a bayan kekensa cike da burodi mai zafi. Ya wuce ta, ya ɗan yi gaba, sai ya ji ƙafarsa ta ƙi taka feda. Ya juyo.

"Sannu, 'yan mata. Wani abu ne ya faɗa miki a ruwan?"

"A'a. Kallonsa nake. Wajen garinmu ya nufa."

"Ina ne garin naku?"

"Guri."

"To ki ba shi saƙo mana. Ki ce a gaida mutanen gida, kin iso lafiya, har kin yi baƙo."

Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Budurwa ce cikakkiya, 'yar Malam Ari masunci, ta tashi da tuwon shinkafa da kifi da furar gero. An turo ta birni ne ta zauna da ƙanwar mahaifinta, Gwaggo 'Yar'azumi, wadda idonta ya fara rauni. Kafin su rabu, Shu'ibu ya buɗe akwati ya miƙa mata burodi guda. Ta karɓa da hannu biyu, don a Guri ba a ganin burodi sai an yi baƙo daga birni ko wani ya kwanta rashin lafiya.

Daga nan ya zama duk bayan kwana biyu, da la'asar, kekensa na jingine a ƙofar gidan Gwaggo. Bai taɓa zuwa hannu rabbana ba. Yau burodi mai sukari, jibi wanda ya murɗa da hannunsa ya yi masa siffar kifi, har da ido na kanumfari.

"'Yar Fadama, ga tarwaɗa na kamo miki."

"Yaya Shu'ibu, wannan ai ba ta da gemu."

"Askin Juma'a aka yi mata."

Ba a daɗe ba Barira ta fara ciwo. Cikinta ya riƙa kumbura kamar ganga, sai murɗa, sai gudawa. Wasu ƙuraje masu ƙaiƙayi suka feso mata a gwiwar hannu. Aka je asibiti, aka sha maganin tsutsar ciki, aka sha jiƙo, shiru. Awarwaron da da sai da sabulu yake shiga hannunta, yanzu har gwiwar hannu yake zamewa.

Shu'ibu ya rasa inda zai sa kansa. Abin da kowa ya sani ake kai wa majinyaci shi ya ƙara: burodi mai laushi, ganyen shayi, madarar gwangwani. Zai zauna a zaure ya gutsura mata da kansa.

"Daure ki ci, 'Yar Fadama. Ko don ni."

Ita kuma ko don shi take ci.

Gwaggo idonta ne ya yi rauni, amma kunnenta garau. Wata rana ta tare shi a ƙofa.

"Ɗan nan, ba na ƙin ka. Amma na lura. Duk ranar da na ji ƙararrawar kekenka, washegari yarinyar nan ba ta iya tashi. Ranar da ba ka zo ba, sai ta ɗan sarara. Jininku ne bai haɗu ba. Ana yin haka."

Ta aika Guri. Malam Ari ya zo da kansa, ya ga 'yarsa, ya juya fuska bango. Da Shu'ibu ya durƙusa gaishe shi, ya amsa a hankali.

"Yaro, an ce kai mutumin kirki ne, ban musa ba. Amma 'yata guda ce mace. Kar in ƙara ganin ka inda take."

Ya ɗauki 'yarsa suka koma Guri. Abin da ya karya Shu'ibu shi ne labarin da ya biyo baya. Direban motar Guri ya ce masa Barira ta miƙe. Ta yi ƙiba, ƙurajen sun bushe, har tana taya uwarta bandar kifi. Shu'ibu ya yi hamdala, sannan ya shiga bayan tanda ya zauna a kan buhu ya yi kuka. Ashe gaskiya ne. Shi ne ciwon.

Ya ari rikoda, ya ɗauki muryarsa a kaset, ya ba direban ya kai mata. Abin da ya faɗa ke nan:

"Barira, ni ne. Na ji kin warke, na gode wa Allah. Kar ki jira ni. In wani ya zo mai kirki, ki saurare shi. Na fi son in ji kina raye a gidan wani da in ga kina ƙarewa a gabana. Ki yafe mini."

Sauran kaset ɗin babu komai sai numfashinsa da kukan wata kurciya, don ya manta bai kashe ba. Barira ta fi sauraron wannan wajen.

A cikin fadamar nan akwai kifin da ake kira gaiwa. In ruwa ya janye, sai ta shige cikin laka ta naɗe, ba ci ba sha, ƙasa ta bushe a kanta, shanu su bi ta kai ba su san da rai a ƙarƙashinsu ba. Haka Shu'ibu ya yi wannan ranin. Yana kwaɓi, yana gashi, yana tallan burodi, amma in ka yi masa sallama sai ka maimaita.

A lokacin ne gwamnati ta hana shigo da alkama daga waje, noman alkama ya yi daraja a bakin kogi. Wani manomi mai suna Gwadabe, wanda ya samu a harkar har ya sayi babur, ya fara neman Barira. Mutum ne mai fara'a da sakin hannu. Zuwansa na farko ya sauke ƙwaryar alkaki da taliya da garin alkamar gonarsa. Gidan Malam Ari aka ci aka yi santi.

Washegari Barira ta kwanta. Kumburin nan, murɗar nan, ƙurajen nan.

Gwadabe ya sake zuwa, ta sake kwanciya. A na uku bai dawo ba, ya aiko da haƙuri.

Nan magana ta canza a Guri. Ba jinin Shu'ibu ba ne ashe. Aljani ne ya aure ta, mai kishi, wanda ba ya son ganin namiji a ƙofarta. Aka yi turare, aka yi rubutu, aka yanka baƙar kaza. Samari suka riƙa sauya hanya. Ƙawayenta suka yi aure ɗaya bayan ɗaya, ba a kiran ta ko kamu, kar ta shafa wa amarya. Malam Ari ya daina zama a majalisa. Ya ce wa matarsa, a gaban Barira, "Shi ke nan. Mu riƙe abarmu har Allah ya yi ikonsa."

Barira tana kwance tana kallon rufin ɗaki, ba abin yi sai tunani. Me ya haɗa Shu'ibu da Gwadabe? Ɗaya siriri, ɗaya ƙato. Ɗaya keke, ɗaya babur. Ta tuna ranar sunan ɗan maƙwabta, ba saurayi ko ɗaya a wajen, ta ci fankasau, ta kwana tana murƙususu. Ta tashi zaune.

Da ta samu sauƙi, ta roƙi uwarta ta bar ta ta raka ta Haɗejiya kai bandar kifi kasuwa. Ta zame ta nufi gidan burodi. Shu'ibu ya fito fari fat da gari har gira. Da ya gan ta sai ya ja da baya.

"Kar ki matso, Barira. Don Allah."

"Yaya Shu'ibu, ba kai ba ne. Ba aljani ba ne kuma. Abin da ke jikin rigarka ne."

Ya dubi rigarsa.

"Alkama ce. Duk ranar da na ci, sai na kwanta."

Ya jingina da bango. Ya tuna kifin burodi mai idon kanumfari. Ya tuna hannunsa yana gutsura mata, yana cewa ko don ni.

"Ni na riƙa ba ki da hannuna," ya ce.

"Ni kuma na riƙa karɓa da hannu biyu. To sai me? Na faɗa wa Baba, ya ce ciwon ya fara taɓa mini kai. Wai abin da ake kai wa marar lafiya ne zai kwantar da mai lafiya? Sai ka zo ya gani da idonsa."

"Ya ce kar ya ƙara gani na."

"Ka zo dai. Amma kar ka zo da abin nan."

Shu'ibu bai san zuwa zance hannu sake ba, kuma duk duniya ba abin da ya iya sai gashi. A gidan hayar da yake akwai Tani, matar wani malamin makaranta, mutanen Kagoro, wadda kowa ke kira Maman Bulus. Tun da fulawa ta yi wuya take gasa wa 'ya'yanta kek da garin shinkafa a cikin tukunya. Ya same ta ya faɗa mata komai.

"Kai, Shu'ibu! Watanni kana yawo kamar an zare maka laka, ashe mace ce. Kawo shinkafa 'yar Haɗejiya, mu gani."

Ya jiƙa, ya shanya, ya ƙi kai wa inji don ana niƙa alkama a can. A turmi ya daka, matan gida na leƙe suna dariya. Maman Bulus ta zuba rairayin kogi a gindin babbar tukunya, ta ɗora a wuta, ta jera gwangwanayen madara da aka shafe da man gyaɗa, ta rufe, ta zuba garwashi a kan murfi.

Na farko ya fito kamar dutsen guga. Na biyu ya ruguje a hannu kamar ginin yara.

"Garin shinkafa ba shi da danƙo," in ji ta. "Kai da ka saba da alkama kana murza shi kamar mai dambe. Ba a murzawa. Juyawa ake, a hankali."

Suka ƙara ƙwai. Suka dama ayaba da ta nuna har ta yi baƙi, suka sa ɗan garin rogo don ya kama, da hodar da ke sa kek ya tashi. Lokacin mangwaro ne, gari duk ƙamshinsa, sai Shu'ibu ya yanka ƙanana ya zuba, da 'yar gwanda. Wannan ya jiƙe ya ƙi gasuwa a tsakiya. Ya zauna ya dafe kai.

"Maman Bulus, ko dai Allah bai yi ba ne?"

"Allah ya yi, ruwan mangwaron ne ya yi yawa. Tsane shi a rariya. Tashi, kar ka sa ni kuka."

Wanda ya biyo baya ya taso ya yi kan tulluwa, ja-ja, da ɗigon rawaya a jiki. Maman Bulus ta ɓare ɗaya, ta ci, sannan ta ce, "Je ka yi wanka. Kuma ka bar wannan rigar a nan."

Ya isa Guri da hantsi, cikin rigar aro, da kwano a hannu. Malam Ari na gyaran komar kamun kifi a ƙofar gida. Bai amsa sallamar da daɗi ba.

"Ban ce kar in ƙara ganin ka ba?"

"Ka ce, Baba. Abu ɗaya na zo roƙo. A bar ni in gaishe ta, ta ci wannan a gabanka. Babu alkama ko ƙwaya. In ta kwanta, wallahi ko sunan Guri ba zan ƙara faɗa ba."

"In ta kwanta, kai tafiya za ka yi. Ni zan yi jinya."

Daga bayan ƙyaure muryar Barira ta fito. "Baba, in ban gwada ba, a ɗakin nan zan tsufa. Na yarda in kwanta."

Tsohon ya ajiye komarsa, ya ce ta fito. Ta zauna nesa kaɗan, ta ɗauki ɗaya, ta yi bisimilla. Ta cinye, ta ɗauki na biyu.

"Ya isa!" in ji Malam Ari.

"Baba, daɗi gare shi."

Aka sauki Shu'ibu a zauren maƙwabci, aka ce ya jira. Ya jira. Ba wanda ya zo masa da labari. Abincin da aka kawo ya huce a rufe. Duk tarin da ya ji daga gidan sai ya kasa kunne. Da gari ya waye ya ga wata tsohuwa ta shiga gidan da ƙullin magani. Ya naɗe tabarma, ya ɗauki kwanonsa, ya kama hanyar tasha ba tare da sallama ba.

"Kai, mai burodi! Ina za ka?"

Malam Ari ne, tsaye a ƙofa.

"Na ga an shiga da magani, Baba. Na cika alkawari."

"Na ƙafar uwarta ne. Zo nan. Tsaya. Me kake ji?"

Daga cikin gida ana daka, taɓarya na sauka da ƙarfi, ana cilla ta sama ana tafawa kafin a cafe.

"Luguden nan na Barira ne," in ji tsohon. Idonsa ya kawo ruwa, bai goge ba. "Tun asuba ta hana kowa barci. Ka ƙara kwana, mu ƙara gani. In an wayi gari haka, ka turo manyanka."

Aka wayi gari haka.

Shu'ibu ya bar gidan burodi, ya koma gasa kek ɗinsa a gida yana kai wa tasha da ƙofar makarantu. Bayan kaka aka ɗaura aure. Da aka kawo gara, dangin ango suka buɗe fanteka suna neman alkaki da dubulan, babu. Nakiya ce, da shinkafa, da man shanu, da bandar kifi. Wata ta fara gunaguni, wai wace irin gara ce wannan. Mahaifiyar Shu'ibu ta rufe fantekar ta ce, "Irin wadda amarya za ta ci ta tashi. Wadda ke son alkaki, gidanta ba nisa."

Tun kafin nan, da za a tafi da amarya, Malam Ari ya kama hannunta ya sa a na Gwaggo 'Yar'azumi, ya dubi angon da ke durƙushe.

"Na raba ku da bakina, ga shi na haɗa ku da bakina. Allah ya ba ku zaman lafiya da lafiyar jiki. Allah ya kawo zuriya mai albarka, ya sa ku tsufa tare."

Mata suka ɗauki guɗa. Barira, a ƙarƙashin lulluɓi, ta ce amin da ƙarfi har aka ji, abin da amarya ba ta yi. Ba wanda ya tsawata mata.