Kwana Tara a Fasfon Mahdi

"Kwana tara?" Ummul-Khair ta miƙe zumbur daga kan tabarmar zaure. "Mahdi, kwana tara ka ce?"

"Abin da ya rage a bizata ke nan, masoyiyata."

Mahdi likitan dabbobi ne, ɗan Sudan. Yaƙi ya koro shi daga Omdurman, ya faɗo Potiskum yana duba shanu a kara. Da gurguwar Hausarsa ya sace mata zuciya.

"To takardar izinin zaman fa?"

"Na je ofishin shige da fice a Damaturu. Fasfo, hotuna, shaidar karatu, duk na kai. Saura wasiƙar wanda zai ɗauke ni aiki ya tsaya mini... Abdulrahim ya ce ya fasa."

Abdulrahim! Ɗan baffanta mai gidan gona a hanyar Nangere, wanda sau biyu yana zuwa da maganar aure tana ba shi haƙuri.

"To a ɗaura mana aure mana! Na ji an ce mijin 'yar ƙasa yana da tasa hanyar."

"A'a."

"A'a?!"

"Abin da Abdulrahim ya faɗa wa Baba ke nan, wai takarda nake so, ba ke ba. In na aure ki a satin nan, na gaskata shi."

"Ni ka bar ni da wa?"

"Ummu..."

"Ka tafi ɗin!"

Ta faɗa cikin gida da gudu, mayafi na jan ƙasa.

Kwana uku ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Ta ɗora tukunya ta manta ba ta kunna wuta ba. Ta ɗauki waya, ta ajiye, ta sake ɗauka. Ran na huɗu ta durƙusa gaban mahaifinta, Alhaji Muhammadu Lawan, babban dillalin shanu, wanda tun farko ya ce ba zai ba baƙon da bai san asalinsa ba 'yarsa ba.

"Baba, ya ƙi."

"Ya ƙi me?"

"Ni na roƙe shi a ɗaura don ya samu takarda. Ya ce gara a kore shi."

"Ke kika roƙe shi? Ba ki da kunya?"

"Ba ni da ita, Baba..." Kuka ya ƙwace mata.

Alhaji ya gyara zama. Can ya ce, "Kira mini shi."

Washegari da kansa ya sa hannu a wasiƙar ɗaukar aiki da sunan kamfaninsa, ya raka Mahdi Damaturu. Sai dai murnarta ba ta daɗe ba. An ce musu da bizar ziyara ya shigo, dole ya fita ya sake shigowa da ta aiki.

Ya tafi Njamena ana saura kwana biyu.

Wata ɗaya. Wata biyu. Yau a ce a ƙaro takarda, gobe a ce a jira. Ummul-Khair ta rame har zobenta na zamewa. Abdulrahim kuwa kullum yana zaure.

"Ƙanwata, bar wahalar da kanki. Ya samu wata a can."

Ta shige ɗaki ta kira Mahdi.

"Gaya mini gaskiya, za ka dawo?"

"Ko da rarrafe, rabin raina."

Ranar wata Laraba tana tankaɗe, ta ji keke napep ta tsaya a ƙofar gida. Ta ji sallama da irin Hausar nan da ba mai irinta duk Hausari. Rariya ta suɓuce mata.

Daga bayan labule ta hango shi durƙushe, yana miƙa wa Baba fasfo da hannu biyu. Alhaji ya juya shi, ya mayar masa.

"Wannan na gwamnati ne. Nawa sharaɗin ɗaya ne: ba za ka kai mini ita nesa ba."

"Baba, ai ni ma zama na zo yi."

"To Juma'a, bayan an sauko masallaci."

Ummul-Khair ta rangaɗa guɗa da bakinta, duk fuskarta gari.

"Ke!" mahaifiyarta ta daka mata tsawa tana dariya. "Amarya ba ta yi wa kanta guɗa!"

Ta sake rangaɗa wata.