Birkin Keken Yaya

Akwai wani yaro ɗan aji uku a sakandare. Yana da ƙoƙari, amma yana da saurin fushi. Kome aka faɗa masa sai ya ce, "Ai na sani." Har 'yan ajinsu suka sa masa suna Ai-na-sani.

Jarrabawa ta matso. Ran nan Malamar kimiyya ta shigo aji, ta goge allo tas.

"Yau bita za mu yi," in ji ta. "Za mu koma tun daga farko. Mene ne ƙarfi? Mene ne nauyi? Me ke sa abu ya motsa? Me ke sa ya tsaya?"

Yaron ya ja dogon tsaki. Malama ta juyo.

"Wa ya yi tsakin nan?"

"Ni ne, Malama. Wannan ai karatun 'yan aji ɗaya ne. Mun wuce wurin."

"To, tashi. Gaya mana, mece ce gogayya?"

Ya miƙe yana hura hanci. Ya zubo abin da ya haddace: "Gogayya ita ce ƙarfin da ke rage gudun abu idan yana gugar wani abu."

"Madalla. Ina amfaninta?"

"Ba ta da wani amfani. Cinye inji kawai take yi. Shi ya sa ake zuba mai."

Wata yarinya a layin gaba ta ƙyalƙyale da dariya. Wasu suka taya ta.

"Ku yi shiru," in ji Malama. Ta dube shi. "Rabin amsa ka ba ni. Zauna ka ji sauran rabin."

Ransa ya ɓaci. Kunnuwansa suka ɗau zafi. Shi za a yi wa dariya? Ya fizgi jakarsa, ya nufi ƙofa.

"In ka fita, kada ka dawo sai da Babanka!"

Bai ko waiwaya ba. Ya bugo ƙofar da ƙarfi.

A ƙarƙashin bishiyar bakin makaranta ya ajiye keke tun da safe. Keken na Yayansa ne. Yaya ya ba shi aro da sharaɗi ɗaya: kullum ya biya ya ɗauko ƙanwarsu Auta daga firamare.

Ya hau, ya taka feda da haushi. A bakin ƙofa ya matse birki. Birkin ya yi ƙara, "Ƙiiii!"

Wasu yara da ke zaune kan katanga suka fashe da dariya.

"Kai, keke kake hawa ko akuya?"

"A ba ta dusa mana, yunwa take ji!"

Nan fushinsa ya ƙaru. Ya yi gaba yana cizon leɓe. A hanya ya ga rumfar wani makaniki. Mutumin yana kwance a ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Baba, a ɗan sam mini mai."

"Ga gwangwani can, ɗiba. Sarƙa za ka sa wa?"

"Ai na san inda zan sa."

Ya tsoma tsumma cikin baƙin man. Ya shafa wa robobin birki, gaba da baya. Ya shafa wa gefen ƙarfen taya, inda robar ke kamawa. Ya matsa birki. Shiru, babu ƙara.

"Yauwa," ya ce. "Sai in ga mai sake yi mini dariya."

Ya jira aka tashi 'yan firamare. Auta ta taho da gudu, da robar ruwanta rataye a wuya. Ta hau baya, ta riƙe rigarsa.

"Yaya ƙarami, yau ka zo da wuri."

"Rufe mini baki. Riƙe ni kawai."

Hanyar gidansu tana da gangare. A ƙarshen gangaren akwai mahaɗa, motoci suna wucewa ba tsayawa. Keke ya fara gudu. Yaron ya matsa birki. Keke bai rage ba. Ya ƙara matsawa da duka hannu biyu. Robar sai santsi take yi a jikin ƙarfe.

"Yaya, ka tsaya! Ina jin tsoro!"

Ga wata babbar mota tana tahowa tana hon. Ya sauke ƙafafunsa, ya danna takalmansa a kan titi. Suka yi ta gurzar kwalta, har ya ji zafi a tafin ƙafa. Gudun ya ɗan ragu. Ya karkata kan keken, ya afka cikin tarin yashi a gaban wani sabon gini.

Suka zube. Auta ta bugi bulo da haɓa. Jini ya wanke mata gaban riga. Tayar gaba ta lanƙwashe.

Wata maƙwabciyarsu ce ta kai su asibiti. Aka yi wa Auta ɗinki a haɓa.

A gida, Umma ta rasa inda za ta sa kanta don ɓacin rai.

"Yarinyar nan amana aka ba ka! Tseren me kake yi da ita? Da motar nan ta same ku fa?"

"Ba laifina ba ne!" ya ɗaga murya. "Keken ne ba shi da kyau! Tsohon keke, birkinsa ya mutu!"

Yaya ya fito daga ɗaki a fusace. "Kekena ne ba shi da kyau? Da safen nan na gwada birkinsa!"

Ya tsuguna gaban keken. Ya goga yatsa a jikin robar. Yatsan ya fito baƙi ƙirin, yana ƙyalli.

"Wannan mene ne?"

Yaron ya kau da kai.

"Magana nake maka! Wane ne ya zuba wa birki mai?"

"Ƙara yake yi. Ana mini dariya."

"Don an yi maka dariya sai ka kashe birki? Kai wane irin ɗan kimiyya ne?"

Baba yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji kome, kuma an riga an gaya masa cewa yaron ya fice daga aji. Bai yi ihu ba. Amma fuskarsa a murtuke take.

"Me ya sa ka bar makaranta kafin a tashi?"

Yaron ya sunkuyar da kai, ya faɗi gaskiya. Ya leƙa ɗaki. Auta tana kwance da filasta a haɓa, ko abinci ta kasa taunawa. Fushinsa ya koma kansa. Ya zauna a bakin gadonta, hawaye suka zubo.

"Auta, ki yafe mini."

Ta gyaɗa kai a hankali.

Washegari Baba ya tasa shi gaba har makaranta. Malama ta saurari labarin duka. Ita ma ranta ya ɓaci sosai.

"Da ka zauna na ɗan lokaci, da ƙanwarka ba ta zubar da jini ba," in ji ta. "Shiga aji. Kai za ka ƙarasa mana darasin jiya."

Yaron ya tsaya a gaban allo.

"Ɗaga takalminka su gani."

Ya ɗaga. Ƙasan takalmin ya cinye, har safa ta leƙo.

"Me ya rage gudun keken?"

"Takalmina ne, da ya gogi kwalta."

"Wato me?"

"Gogayya, Malama."

"Birki kuma da me yake aiki?"

"Da gogayya. Roba tana kama ƙarfe, taya ta tsaya. Ni kuma na sa mai, na kashe ta."

"To ina ake sa mai?"

"A sarƙa, inda ake son abu ya juya da sauƙi. Ba a birki ba."

Malama ta juya ga aji. "Wa zai ba mu wani amfanin?"

Hannaye suka tashi. Wani ya ce ba don gogayya ba, ashana ba za ta kama ba. Wata ta ce alli ba zai yi rubutu a allo ba. Yarinyar layin gaba ta ce ko tafiya ba za mu iya ba, sai dai mu yi ta sulɓewa.

Yaron ya dubi Malama. "Malama, ki yi haƙuri da tsakin da na yi. Na haddace, amma ban gane ba."

"Na haƙura. Je ka zauna."

Daga ranar bai ƙara tsallake bita ba. Aka bi ta kan zafi, da haske, da maganaɗisu, da lantarki. Inda bai gane ba, sai ya ɗaga hannu ya tambaya.

Ranar hutu shi da Yaya suka wanke ƙarfen taya da sabulu. Suka sa sabbin robobi, aka miƙe tayar gaba. Haɓar Auta ta warke. Da sakamako ya fito, ya ci kimiyya da kyau. Umma ta yi ta sa masa albarka.

Da yamma Baba ya kira shi, ya dafa kafaɗarsa.

"Me ka koya?"

"Kada in raina karatu don na taɓa jin sa, Baba. Kuma in raina ya ɓaci, in tsaya in huce kafin in taɓa kome."

Baba ya yi murmushi. "Ka riƙe wannan da kyau. Je ka, Auta tana jiranka ku zaga da keke."