Ranar Sharar Tsohuwa

A gidan hayar nan, kowane ɗaki da ranarsa ta share matakalar bene. Da tsohuwar ɗakin ƙarshe ta daina fitowa, mai ɗinki ce ta riƙa tula mata shara a ƙofa tana masifa. Ba wanda ya ƙwanƙwasa ya ji lafiyarta, sai da wari ya ishe su aka ɓalle ƙofar, aka tarar da gawa.

Daren da aka binne ta, mai ɗinki ta dawo daga shago, ta ji ƙarar tsintsiya a duhun matakala.

"Wa ke shara yanzu?"

"Ranata ce, 'yar nan," in ji wata shaƙaƙƙiyar murya. "Ɗaga ƙafarki."

Warin nan ya daki hancinta. Ta haska waya: ga zani, ga tsintsiya, babu ƙafafu. Sharar kuwa, ƙofarta ake tura ta.